Na Hau Dutsen da Kular Dambu a Kaina

Muna idar da sallar asuba muka fito, ranar Asabar ɗin da ta wuce, gari bai gama wayewa ba. Mu huɗu ne: ni, da 'ya'yana mata biyu, da ƙanwar marigayi maigidana, wadda yaran suke kira Gwaggo. Da yawa a cikinku kun ga hoton da ƙaramar ta saka, kuna ta tambayata wane wuri ne wannan, kuma mene ne na ɗora a ka. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, yadda abin ya faru.

Sai na fara da abin da ya kai ni. Akwai wani gandun daji na gwamnatin jiha a bakin kogin Hudson, kusa da wani ɗan gari da ake kira Cold Spring. Shekara tara a jere, duk sanda ganye ya fara ja, Abban yara yakan ajiye aikin tasi na yini guda ya kwashe mu zuwa can. Shi da yara su hau dutse, ni in zauna a ƙasa, a kan wani falalen dutse da ke bakin ruwa, ina gadin abinci. Ban taɓa hawa ba. Kullum da uzurina: yau ƙafa, gobe sanyi, jibi wa zai kula da kaya. In sun kai sama sai ya kira ni a waya ya ce, "Hajjaju, ga ki can na hango ki da jan mayafinki, kin miƙe ƙafa kina cinye mana dambu." Ni kuma in ɗaga kai, ba na ganin komai sai itatuwa, in ce masa, "Malam, kai dai ba ka gajiya da zolaya." Yara sun sha gaya mini da gaske ne, amma yaran nan duk abin da ubansu ya faɗa sai su ce haka ne.

Allah ya yi masa rasuwa a cikin azumin bana, yana bakin aiki. Zuciya ce. Ba zan tsawaita a nan ba. A watannin takaba, ina zaune a ɗakinmu na hawa na biyar, manyan abubuwa da yawa na samu na haƙura da su, amma wannan ƙaramar tambaya ta ƙi barina: shin da gaske yana hango ni, ko kuwa faɗa kawai yake don in ji daɗi? Na yi wa kaina alkawari cewa in ganye ya yi ja zan je in duba da idona.

Motar da yake tuƙawa an mayar wa mai ita, don haka jirgin ƙasa muka nufa. Daga gidanmu a unguwar University Heights da ke Bronx zuwa tasha gangara ce, ba nisa. Tun yammacin Juma'a ni da Gwaggo muka turara dambun shinkafa da zogale, muka soya kaji biyu, muka haɗa zoɓo. Muka fito da babbar kular nan mai cin abincin mutum goma, da tabarma, da buta, da jarkar ruwa, da faranti. Babu wadda ta tsaya ta yi tunani a cikinmu. Hannu ne kawai ya yi abin da ya saba yi shekara tara.

Gwaggo tana sayar da atamfa da turare a wani shago da ke kan titin Grand Concourse, kuma ranar nan ta fito kamar za ta gidan biki, sabuwar atamfa, ɗauri ya tashi sama. Ta ce ita ba za ta je wurin da yayanta yake so da tsumma a jiki ba. Da ƙyar babbar 'yata ta raba ta da takalmi mai tsini ta saka mata kambas. Ni doguwar riga na saka da wando a ciki, da kambas ɗina na zuwa aiki, da jaket ɗin marigayi, wadda hannunta ya fi nawa tsawo sai da na nannaɗe. Jan mayafin na ɗauko shi daga ƙasan akwati na cusa a jaka. Tun rasuwar ban iya yafa shi ba.

Kuɗin tikitinmu mu huɗu, zuwa da dawowa, ya kusa kamo cefanen sati, amma hanyar ta biya. Duk wadda za ta je, ta zauna a gefen hagu. Ana barin Bronx kogi zai buɗe miki, mai faɗi, hayaƙin sanyi yana tashi a kansa, can ƙetare kuma ga duwatsu a tsaye kamar bangon da aka gina. Da mota ban taɓa ganin wannan ba, domin kullum ina riƙe da kula a cinya ina hana ta jijjiga. Muka sauya jirgi a tashar Croton. Wanda muka shiga na biyu cike yake da masu hawan dutse, kowa da 'yar jakarsa a baya, da takalmi mai kauri, wasu da sanduna bibbiyu kamar masu ciwon ƙafa. Wani bawan Allah ya daɗe yana kallon butarmu, daga baya ya kasa haƙuri ya tambayi ƙaramar ko shayi za mu dafa a sama.

Garin ƙarami ne, mai tsafta, gidajen katako tsofaffi, shaguna suna sayar da kayan da a Kano sai dai a ba mai gwangwan. Ruwan gora guda ya ninka kuɗin na shagon unguwarmu sau uku. Abin da ya fi tsaya wa Gwaggo a rai shi ne kabewa. Kowace ƙofar gida da manyan kabewa biyu ko uku a ajiye, wai ado ne. Ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce, "Miyar taushen wata guda ce fa wannan suka bar wa rana."

Daga tasha zuwa gindin dutsen tafiya ce mai ɗan tsawo a ƙafa. Yaran suka kama kular, kowace da hannu ɗaya, tana dukan gwiwoyinsu, suna sauya hannu suna tsaki. Kafin mu isa bakin ruwa duk sun yi gumi. Na ga falalen dutsena yana nan yadda na bar shi bara. Suka dire kular a kai, babbar ta fara warware tabarma tana shimfiɗa mini.

Na ce, "Naɗe ta. Yau da ni za a hau."

A lokacin ne muka gane kuskurenmu. Duk wannan kaya da muke zuwa da shi shekara da shekaru, mota ce take kawo shi, ni kuma nake zama a kansa. Yau babu mota, kuma mai gadin ta ce hawa za ta yi.

Gwaggo ta ce, "Matarmu, ki zauna abinki ki sha iska. Ni da nake da sauran ƙuruciya ma tsoron dutsen nan nake ji."

Na ce, "To ke ki zauna da kayan."

"Ni? Ni kaɗai a dajin nan, da karnukan Turawa kamar maruƙa? Ko kusa."

Ƙaramar ta ce a tura kular bayan wata bishiya. Amma akwai allo a bakin hanya da ya hana barin abinci saboda namun daji, kuma ko babu allo, ba zan yar da dambun da na turara da sunan mutumin nan a gindin bishiya ba.

Babbar tana karatun aikin jinya, kuma tun rasuwar ubanta ba ta yarda in hau ko matakalar gidanmu ba tare da ta tambaye ni ko na sha maganin hawan jini ba. Ta ce, "Umma, ki zauna, za mu ɗauko miki hoto." Na ce hoto kam sun sha kawo mini. Sai ta juya harshe zuwa Turanci, kamar yadda take yi in abu ya kai mata wuya, ta ce ba za ta rasa mu biyu a shekara ɗaya ba. Daga baya muka yi sharaɗi: duk inda ta ce in tsaya, zan tsaya in sha ruwa, ta riƙe wuyan hannuna ta ƙirga abin da take ƙirgawa. In ta ce a juya, a juya.

Saura kular. Na buɗe jaka, abin da hannuna ya fara taɓawa shi ne jan mayafin. Na murɗa shi, na naɗe shi zagaye, na yi gammo. Na ɗaure murfin kular da zanen da muke rufe abinci. Ƙaramar, wadda a asibitin Bronx aka haife ta, ta tsaya tana kallo, ba ta taɓa ganin gammo ba. Na ɗora shi a ka, na rusuna, na ce, "Ku aza mini."

A ƙauyenmu na bayan Rano na tashi. Tun ina shekara bakwai nake ɗaukar tulu daga rijiya, safe da yamma, a hanyar da ita ma ba ta rasa duwatsu ba. Rabona da ɗaukar kaya a ka ya fi shekara ashirin. Da suka saki hannu sai da wuyana ya amsa, na ji nauyin ya sauka har dugadugaina. Taku ɗaya, taku biyu, a na biyar jiki ya tuna. Baya ya miƙe da kansa, kafaɗa ta sauka, hannuwana biyu suka zama a sake. Gwaggo ta rangaɗa guɗa a dajin mutane, wani kare ya amsa mata.

Hanyar ba a tambayar kowa. Farin fenti ake shafawa a jikin bishiya ko dutse, in kin isa wannan sai ki nemi na gaba. Ƙaramar ce ta wuce gaba tana nema, haka ubansu ya koya mata. Da farko hawan mai sauƙi ne, har muka kai wani babban fili inda aka taɓa fasa dutse a da, ciyawa ta rufe shi. Daga nan hanya ta miƙe tsaye. Duwatsu ne manya da ƙanana, da saiwoyi, da busasshen ganye mai santsi. Ganyen da ke sama kuwa, ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro, in rana ta ratsa shi sai ki ga kamar an kunna fitila a ciki. Ban samu na kalle shi sosai ba, domin mai kaya a ka ido kawai take juyawa.

Mutane suna wuce mu suna waiwaye. Wasu su yi murmushi, wasu su ɗaga babban yatsa. Babbar 'yata ta sunkuyar da kai tana cewa, "Umma, kowa kallonmu yake." Na ce su kalla, ba sata na yi ba. Wani dattijo Bature mai farin gemu da sanduna biyu ya wuce mu da sauri, ya ce mana sannu. Bayan kamar rabin awa muka same shi zaune a kan dutse yana haki, muka wuce shi, ni ma na ce masa sannu. Matakalar gidanmu ta hawa biyar, wadda nake zagi duk ranar da lif, na'urar hawa bene, ya tsaya, ashe horo take ba ni ban sani ba.

Sau huɗu aka tsayar da ni aka riƙe wuyan hannuna. Sau huɗu aka ce in ci gaba, ba da son rai ba.

Wajen da abin ya kusa lalacewa, mun yi nisa sosai. Ina kallon inda zan sa ƙafa, na manta tsawona ya ƙaru. Wani reshe ya daki kular, ta karkata baya, na kai hannu na tare ta, ƙafata ta zame a kan ganye, na zube a kan gwiwa ɗaya. Kular ba ta faɗi ba. Amma da aka sauke mini ita na zauna, sai na ji zuciyata tana bugawa har cikin kunnena, gwiwar kuma ta ɗan fashe. Babbar ta durƙusa ta wanke ciwon, ta manna filasta, ta riƙe hannuna tana kallon agogo. Ba ta kalli fuskata ba ta ce, "Shi ke nan, mun juya."

Na yi alkawari, don haka ban yi musu ba. Na zauna ina kallon farin fenti na gaba, yana nan a jikin wata bishiya, bai fi taku goma ba.

Sai ga Gwaggo ta iso tana numfashi sama-sama, ɗaurin nan ya koma gefe guda. Ta ce, "Wai don wannan 'yar kular za a fasa? Ku aza mini, ni ma 'yar Hausa ce." Gwaggo a cikin birnin Kano aka haife ta, a gidan famfo. Aka ɗora mata. Ta yi taku uku, wuya ya tafi gabas, ƙugu ya tafi yamma, ta buɗe hannuwa tana salati tana kiran sunan yayanta, wai ya zo ya ga abin da matarsa ta ja mata. Ƙaramar ta faɗi ƙasa don dariya. Sai na ji wata dariyar a gefena, wadda rabona da jin ta tun kafin azumi. Babbar ce, tana dariya tana share hawaye da bayan hannu.

Da ta natsu ta sake kama wuyan hannuna, ta daɗe tana ƙirgawa. Sannan ta miƙe ta ce, "Minti goma za ki ƙara hutawa. Kuma ni zan shiga gabanki." Haka aka yi. Daga nan har sama tana gabana, duk reshen da ya sauko sai ta ɗaga shi da hannu biyu ta ce, "Wuce, Umma."

Rana ta kusa tsakiya muka fito daga cikin itatuwa zuwa wani buɗaɗɗen dutse. Iska ta buge ni. Ga kogin nan gaba ɗaya a shimfiɗe, ya lanƙwasa tsakanin duwatsu, ga garin da muka baro kamar an zuba ashana, ga jirgin ƙasa yana tafiya kamar zare. Mutanen da ke zaune a wurin suka ga mace ta fito da kula a ka, sai suka hau tafi. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Aka sauke mini, na matsa baki na duba ƙasa. Na nemi falalen dutsena. Babu shi. Wata kafaɗar tudu mai itatuwa ta tare wajen gaba ɗaya. Na duba dama, na duba hagu. Na ce a raina, to, Malam, ashe zolayar ce. Ban ji haushi ba, amma wani abu ya sauka a ƙirjina mai nauyi fiye da kular.

Ƙaramar ta taɓa ni ta ce, "Umma, ba nan ba ne. Nan na kowa ne."

Suka ja ni muka ƙara gaba kaɗan, muka zagaya bayan wani dutse, muka fito kan wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Babbar ta nuna da yatsa. Can ƙasa, ta tsakanin bishiyoyi biyu, ga bakin ruwa, ga falalen dutsen. Akwai mutum a zaune a kai da shuɗiyar riga, ƙarami kamar ƙwayar gero, amma ana ganinsa sarai. Har na ga sanda ya miƙe ƙafa.

Babbar ta ce shekarar farko da suka hau, sun iso wancan wurin na kowa, ubansu ya duba bai gan ni ba. Ya hana su zama. Ya yi ta jansu daga wannan dutse zuwa wancan, suna kukan yunwa, har sai da ya samo inda ake hango ni. Tun daga ranar a nan suke tsayawa, a nan yake salla, kuma shi ya sa duk shekara yake cewa in yafa jan.

Abin da na yi a wurin tsakanina da Ubangijina ne. Yaran suka ba ni wuri, Gwaggo ta juya baya tana gyara ɗaurin da ba ya bukatar gyara. Da lokacin azahar ya yi muka yi alwala da butar da aka yi wa dariya a jirgi. Na warware gammon, na karkaɗe shi, duk ya yamutse, na yafa shi haka nan na yi salla. Muka yi wa Malam addu'a.

Sannan muka buɗe kula. Dambun yana nan da ɗuminsa. Ban taɓa cin abinci mai daɗin wannan ba, kuma ni na dafa shi. Muna cikin ci sai ga dattijon nan mai sanduna ya leƙo, Gwaggo ta cika masa faranti ta barbaɗa yaji da hannun 'yan Kano. Ya ci yana hawaye yana godiya, ya ƙi ajiye cokali. Wasu 'yan mata biyu ma suka samu rabo. Abincin mutum goma, ko ƙwaya ba ta sauko ba.

Saukowa ta fi cin gwiwa, duk wadda za ta je ta san da wannan. Kular da babu komai a ciki ƙaramar ce ta ce sai ta gwada. Na yi mata gammo da zanen rufin abinci, ta faɗo mata sau uku, a na huɗu ta yi taku ashirin ba ta riƙe ba, ta yi ta ihu a ɗauke ta hoto. Da muka iso bakin ruwa na tsaya a kan falalen dutsena na ɗaga kai. Har yanzu ba a ganin komai sai itatuwa. Amma yanzu na san tsakanin waɗanne biyu zan duba.

A jirgin dawowa duk suka yi barci, Gwaggo da kambas a hannu. Mun shigo gida ana kiran magariba a wayoyinmu, lif kuma ya tsaya kamar yadda ya saba. Na hau hawa biyar ɗin ban zage shi ba.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Shekara tara ina zaune a ƙasa ina tsammanin gadin abinci kawai nake yi, ashe ana can sama ana nemana. Uzurin da na riƙa bayarwa kuma, na wa zai kula da kaya, maganinsa yana kaina tun ina shekara bakwai. Da na sani da na hau tare da shi ko sau ɗaya. Wannan ya wuce, Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Wadda duk ake ce mata ta zo ta gani, kuma mai cewar yana raye, ta tashi ta je.

Jan mayafin na wanke shi ranar Lahadi, na goge. Ban mayar da shi akwati ba. Yana rataye a bayan ƙofa, kuma da shi na fita aiki yau da safe.